Kariyar saman jif tana cin fenti: laifin kamfani ne ko na mai mota?

Baban Zahra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu jif ɗin da ta zo da kariyar ɗora kaya tun daga kamfani ce, ba wadda mutum ya sayo ya ɗaura da kansa ba. Tawa dogayen sanduna biyu ne kwance daga gaba zuwa baya, kowanne da ƙafa uku a kan rufin. Fentin da ke kewaye da ƙafar baya ta hagu ya dusashe, ya yi zobe fari-fari daidai siffar ƙafar, kuma a gefe guda ya kumbura wuri biyu ƙanana. Sauran rufin lafiya lau, yana sheƙinsa. Ba na ɗora mata kaya mai nauyi. Shin kariyar ce ke jawo wannan? In ita ce, cire ta zan yi ko a bar ta a gyara wurin?

Alhaji Mai Doguwar Tafiya:
Wa alaikumus salam. Ni dai na daɗe ina hawa irin waɗannan motoci, ban taɓa ganin kariyar kamfani ta ɓata mini fenti ba. Abin da na sani shi ne yawancin masu wanki ba sa hawa sama. A wanke jiki tas, a goge taya har tana ƙyalli, rufi kuwa sai dai a watsa masa ruwa daga ƙasa. Datti ya yi shekara a gindin ƙafar nan, sannan a ce kamfani. Ka fara tambayar mai wanke maka mota tukuna.

Oga Fenta:
Baban Zahra, abu biyu ka faɗa, kuma ba ciwo ɗaya ba ne. Zoben da ya dusashe daban, kumburin daban.

Zoben gogayya ce. Ƙura tana shiga tsakanin robar ƙafar da fenti, mota na tafiya kariya na girgiza, ƙurar na cin shafin ƙyallin da ke sama. Wannan in bai yi zurfi ba folish yana ɗauke shi. Ka jiƙa wurin da ruwa ka duba: in dusashewar ta ɓace yana jiƙe, ta dawo bayan ya bushe, to a shafin sama kawai take. In ka ja farce a kai ka ji yana maƙalewa, ta yi zurfi.

Kumburin ne bai yi mini daɗi ba. Fenti ba ya tashi haka kawai. In ya kumbura, kusan kullum akwai abin da ke tura shi daga ƙasa, kuma a rufin ƙarfe abin nan tsatsa ne. Kada ka fasa shi, kada ka kankare. Ka ɗauki hoto tukuna.

Baban Zahra:
Na gode Oga. Na jiƙa kamar yadda ka ce. Mafi yawan zoben yana ɓacewa da ruwa, sai wani ɗan layi dab da robar da ba ya ɓacewa. Amma ina mamakin yadda ƙura za ta ci fenti alhali ƙafar a ɗaure take tamau. Na girgiza sandan da hannu, ko motsi bai yi ba.

Injiniya Sadauki:
Ai ba a nan gizo ke saƙar ba, Baban Zahra. Motsin da ke yin ɓarnar ya fi ƙarfin hannu ya ji shi.

Bari mu fara da kaurin fentin kansa, don mutane na ɗaukarsa da kauri fiye da yadda yake. Fentin kamfani hawa-hawa ne: akwai shafin hana tsatsa da ake yi ta hanyar tsoma gangar motar cikin kwatami a ja fentin da lantarki, sai shafin share fage, sai launi, sai shafin ƙyalli marar launi a sama. Dukansu in an haɗa, a yawancin motoci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150. Maikiron 1000 ne milimita ɗaya. Shafin ƙyallin shi kaɗai wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin silin gashin kan mutum ba. Shi ne kuma ke tare rana da ruwa.

To ƙurar hanya fa? Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, shi kuwa yashi a ma'aunin tauri na Mohs yana kan 7, ya fi gilashin taga tauri, balle fenti. Da zarar ƙwayar yashi ta shige bakin robar, ba ta da hanyar fita. Robar ta danne ta, rufin na ƙasa, abin ya zama dutsen niƙa da ɗansa, fentin ne tsabar da ke tsakani.

Motsin kuma ta hanya biyu yake zuwa. Na farko girgizar tafiya da bugun iska, wanda kowa ya sani. Na biyu shi ne wanda ba a cika lura da shi ba: zafi da sanyi. Galibin sandunan nan na alminiyam ne, rufin kuma ƙarfe. In zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, mita ɗaya na alminiyam yana miƙewa da kusan maikiron 23, ƙarfe kuwa kusan 12. Ka ɗauki sanda mai mita 2, da bambancin digiri 40 tsakanin sanyin asuba da rufin da ya sha ranar azahar. Bambancin miƙewarsu ya kai maikiron 880, kusan milimita guda. Kullum sai ya je ya dawo, ko da motar tana ajiye ba a tuƙa ta ba. Masu zane sun san da wannan, shi ya sa ake sa roba da ɗan sarari a ramukan noti. Amma sararin da ya ba sandan damar numfashi, shi ne dai ke ba yashin damar aiki.

Maman Amir:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Wannan bayani naka shi ne amsar maganar Alhaji. Alhaji, da girmanka, ban yarda a ɗora wa mai mota ko mai wanki laifin duka ba. Ni da kaina nake tsayawa a wanke rufin tawa, ina sa a hau kan benci a bi gindin ƙafafun da soso. Duk da haka in an matsa bakin robar da yatsa sai ka ga laka ta fito. Wurin da soso ba ya shiga, tsumma ba ya shiga, ta yaya za a ce rashin wanki ne? In aka ƙera abu yadda datti zai shiga ya kasa fita, ai matsalar daga zanen take.

Alhaji Mai Doguwar Tafiya:
Hajiya, na ji ki. Amma in zanen ne, me ya sa ba kowace mota ke yi ba? Ga irin motar guda, shekara guda, ta wani ta yi, ta wani ba ta yi ba. Bambancin ai a hannun masu su yake.

Maman Amir:
Ko kuma a hanyar da suke bi, Alhaji, da inda motar ke kwana. Wanda ke bin hanyar da ba kwalta kullum, da wanda motarsa ke cikin gareji daga gida sai ofis, ba za su zama ɗaya ba ko da wankinsu ɗaya ne. Kuma jif ai don hanya marar kyau aka yi ta. In kariyarta ba ta jure ƙura, an yi tuya an manta da albasa.

Malam Bakanike:
Ku duka biyun kuna da gaskiya ta wani ɓangare, don kariyar kamfani ba iri ɗaya ba ce, kuma na kwance da dama.

Akwai wadda ƙafafunta ke zaune a cikin kwatar nan da ke gefen rufi, inda aka haɗa farantin sama da na gefe, aka rufe da baƙar roba doguwa. Irin wannan ba ta cika taɓa fentin da ido ke gani ba. In za ta yi ɓarna, a ɓoye take yi: ruwa ya kwanta a kwatar, ƙullin hana yoyo da aka shafe mahaɗar da shi ya tsage, ruwa ya bi noti ya sauka ciki. Mai motar ba zai sani ba sai ya ga tabo a silin, ko ya ji warin danshi.

Akwai wadda ƙafarta ta fi kwatar faɗi, ta hau kan fentin rufin sosai. Ita ce mai yin zoben da Baban Zahra ya gani.

Akwai kuma wadda ke kwance a jikin rufin tun daga gaba har baya, ba sarari a ƙarƙashinta. Ta fi kyan gani, iska ba ta kama ta sosai, amma bakin robarta dogo ne, don haka wurin tara ƙura ya fi yawa. Na sha ɗaga irinta in tarar da layin laka busasshe daga farko har ƙarshe.

Abin da ya haɗa su shi ne robar. Sabuwa tana da laushi, tana manne wa fenti, ba ta barin komai ya shiga. In ta sha rana shekara da shekaru sai ta bushe, ta ƙanƙance, bakinta ya ɗan ɗaga. Daga ranar ne matsala ke farawa. Ba wanda ke gaya wa mai mota cewa wannan robar abar canzawa ce kamar robar ƙofa ko ta goge gilashi.

Ɗan Autan Zaure:
Yayyena, ni shawarar da aka ba ni ita ce in zuba baƙin mai ko in cusa giris a gindin ƙafafun, wai ruwa ba zai shiga ba. Wani kuma ya ce in zagaye su da silikon irin na gilashin taga. Wanne ya fi?

Malam Bakanike:
Auta, kada ka yi ko ɗaya. Robar da ake sawa a wajen mota yawanci irin da ake kira EPDM ce. Tana jure rana da ruwa sosai, amma ba ta shiri da man fetur da danginsa. Giris ko baƙin mai zai sa ta kumbura ta yi laushi ta lalace. Ga shi kuma maiƙo yana kama ƙura, ka tara wa kanka abin da kake gudu.

Oga Fenta:
Silikon ɗin kuma ya fi muni a wajena. Irin wanda in an matso shi kake jin tsami yana dukan hanci, asid yake fitarwa yayin da yake bushewa, kuma in ya samu ƙarfen da fentinsa ya riga ya ƙuje, tsatsa yake ƙara masa. Sannan in ka zagaye ƙafar da shi, ba ka hana ruwa shiga ba, don zai samu wata kafa ta sama ta wajen murfin noti. Abin da ka hana shi ne fita. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Mu masu fenti kuma muna da tamu damuwar da shi. Duk inda silikon ya taɓa, sabon fenti ba ya kwanciya, sai ya riƙa buɗewa ƙananan ramuka. Sai an sha wahalar wanke wurin da sinadari kafin a fesa. In dole sai an toshe wani wuri, akwai ƙullin da aka yi musamman don mahaɗar bodin mota, wanda fenti ke hawa kansa. Shi ake nema.

Ɗan Autan Zaure:
Allah ya saka da alheri, Oga. Na fasa.

Abu Hanifa:
Ina son in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Kowa na maganar dogayen sandunan, amma ni a ganina na gicciye sun fi ɓarna, waɗanda ake zamewa gaba da baya. Su ma da yawa daga kamfani suke zuwa. In an zame su ba a wanke dogon sandan ba, maƙallin yana jan yashi yana kankare fentin sandan kansa. Kuma in an ɗora kaya mai laushi, kamar jaka ko katifa, tsakiyarsa yana lotsawa ya taɓa rufin, ya yi ta gogarsa har a isa. Ga bakin igiyar ɗauri da aka bari yana kaɗawa, ga ƙugiyar ƙarfe da ke dukan rufi a kowane rami. Mutum ya sauke kaya ya ga zane-zane, ya ce kariya ce.

Alhaji Mai Doguwar Tafiya:
Yauwa, Malam Abu. Abin da nake faɗa ke nan. Sannan a duba nauyi. Mutane na ɗora wa rufi abin da ya fi ƙarfinsa.

Injiniya Sadauki:
Nan kam Alhaji ya yi gaskiya. Kowace mota akwai iyakar nauyin rufinta a littafinta. A jif da yawa yana tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, kuma kilo 75 ya fi yawa a waɗanda na duba. Abu biyu ake mantawa. Nauyin sandunan gicciye da akwatin da aka ɗora duk a cikin lissafin suke. Sannan adadin na mota mai tafiya ne, domin in ta faɗa rami da gudu, ƙarfin da ke sauka kan ƙafafun ya ninka nauyin kayan. Farantin rufi siriri ne, bai kai milimita ɗaya ba a yawancin motoci. In ya lotsa a kewayen noti ya dawo, ya sake lotsawa ya dawo, fentin bakin ramin yana tsagewa tsagewar da ido ba ya gani, ruwa ya samu ƙofa.

Sai dai Baban Zahra ya ce ba ya ɗora nauyi, kuma ƙafa ɗaya ce cikin shida ta kumbura. Wannan ya fi kama da matsalar wurin kansa: ko robar ƙafar ta zauna a karkace tun wajen haɗawa, ko an ƙuje bakin ramin lokacin da ake zura noti, ko notin ya fi sauran ɗauri ko sassauci. In nauyi ne ko rashin wanki, da sai a ga alamar a ƙafafu da yawa.

Maman Amir:
To ka ji, Alhaji. Ƙafa ɗaya cikin shida. Mai wanki ba zai wanke biyar ya tsallake ɗaya kullum ba.

Alhaji Mai Doguwar Tafiya:
A kan wannan motar na yarda a bincika. Amma ina nan a kan cewa mafi yawan abin da ake gani a saman motoci sakaci ne.

Baban Zahra:
Motar tana cikin garanti har yanzu. Shin irin wannan yana ciki?

Abu Hanifa:
Ka ɗauko takardar ka karanta da kyau, don garantin bodi kashi biyu ne kuma mutane na rikita su. Akwai na fenti, wanda yawanci gajere ne, kamfanoni da yawa shekara 3 suke bayarwa. Akwai kuma na tsatsa, mai tsawo, wasu shekara 5, wasu kamfanonin Turai har 12. Amma wannan mai tsawon sharaɗinsa shi ne tsatsar ta huda ƙarfen, ta ci daga ciki ta ɓullo waje. Kumburin fenti a sama ba ya shiga cikinsa. Don haka in kana cikin wa'adin na fentin, kada ka jira, shi ne damarka.

Kuma su ma suna da abin da suke kafa hujja da shi. Ɓarnar da ta zo daga waje, kamar tsakuwa ko kashin tsuntsu ko ƙujewar kaya, ba ta cikin garanti. Za su iya cewa zoben gogayya ce ta amfani. Hujjarka ita ce kariyar tasu ce, su suka ɗaura, ba wanda ya taɓa kwance ta.

Oga Fenta:
Shi ya sa na ce kada ka taɓa. Ko folish kada ka yi wa wurin kafin su gani. Ka ɗauki hoto da rana, na nesa da ke nuna motar da lambarta, da na kusa, ka ajiye wani abu a gefe da zai nuna girman kumburin. Ka ɗauki sauran ƙafafun biyar ma, don a ga bambanci. In sun karɓi ƙorafin, ka nemi a rubuta maka a takarda da kwanan wata, ko da sun ce a dawo daga baya. Kuma in za su kwance sandan, ka roƙi ka tsaya a wurin ka ga abin da ke ƙarƙashi da idonka.

Mai Farar Jif:
Ni tambayata ita ce rabin tambayar Baban Zahra da ba a amsa ba. Wanda ba ya amfani da kariyar kwata-kwata, ba gara ya cire ya huta ba? Na ji ma ana cewa tana ƙara shan mai.

Injiniya Sadauki:
Shan mai gaskiya ne, amma sandunan gicciye ne suka fi jawo shi, don su ke tare iska. Dogayen da ke bin tsawon mota tasirinsu kaɗan ne. Wani bincike da aka yi a Amurka ya ƙiyasta cewa a 2015 kariyoyin saman mota sun ci kusan kashi 0.8 cikin 100 na man da ƙananan motocin ƙasar suka sha, wajen galan miliyan 100. Don haka na gicciye, in ba a aiki da su, a sauke a ajiye. An rage mai, an rage ƙugin iska, an kuma rage girgizar da ke sauka kan ƙafafun dogayen.

Malam Bakanike:
Cire dogayen kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, kada a ɗauke shi wasa. A wasu motoci notin daga sama yake, ka ɓalle murfin roba ka kwance. A wasu kuwa daga ciki yake, sai an sassauta silin. A gefen silin ɗin nan kuma jakar iskar kariya daga haɗari take kwance, doguwa daga gaba zuwa baya, da wayoyinta. Wanda bai san aikin ba kada ya sa hannu, kuma sai an cire batir an ɗan jira kafin a fara.

In an cire, ramuka ne suka rage a rufin, ko kuma ƙusoshi a tsaye. Dole a toshe kowanne da noti da wosha mai roba da ƙulli, a kuma nemo doguwar robar kwata ta irin motar da ba ta zo da kariya ba, don ta wurinka a yanke take daidai ƙafafun. In ba a yi haka da kyau ba, an kawar da matsalar fenti an sayo yoyo. Ni shawarata ga mai lafiyayyar kariya: ya bar ta, ya riƙa duba robar. In ta bushe ko ta tsage a sa sabuwa. In an kwance don kowane dalili, kada a mayar da tsohuwar roba, kuma a ɗaure notin da sifana mai awo daidai adadin da littafin gyara ya faɗa. Ɗauri fiye da kima yana murƙushe robar ya lotsa rufin, sassauci kuma yana ba ƙafar damar rawa.

Maman Amir:
Malam, mene ne ra'ayinku game da ledar nan mai haske da ake manna wa fenti? Na ga ana sa ta a gaban mota saboda tsakuwa. Ba za ta yi aiki a nan ba?

Oga Fenta:
Tana yi, Hajiya, kuma ita ce abin da na fi yarda da shi. Kaurinta wajen maikiron 150 zuwa 200 ne, wato ta fi fentin duka kauri, ga ta da danƙo, yashi na nutsewa cikinta maimakon ya yanka. In ta gaji a ɓare a sa wata. Ga masu kariyar da ke maƙalewa a bakin ƙofa, dole ma in ce a sa ta ƙarƙashin kowace ƙafa da kowane maƙalli.

Sharaɗi biyu. Wurin ya zama tsaf kafin a manna, in ba haka ba an binne yashin ne a ciki. Kuma ba a manna ta kan sabon fenti. Fentin kamfani ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun motar ba ta da roba ko waya a jikinta. Mu kuwa ba za mu iya wuce wajen digiri 60 ba, don kada mu narka kayan ciki. Saboda haka namu yana ɗaukar makonni yana fitar da sauran sinadarinsa. A ba shi aƙalla wata guda, ko abin da mai fentin ya ce, kafin leda ko kakin goge mota.

Injiniya Sadauki:
Ƙari kaɗan a kan na Oga. Ga ƙafar da aka ɗaure da noti ta cikin rufi, ni ba zan bari ledar ta kai bakin ramin ba. A yanke ta yadda za ta shiga ƙarƙashin leɓen robar na waje inda gogayyar take, a bar zoben da ke toshe ramin ya zauna kan fenti kai tsaye yadda aka tsara shi. In aka sa wani abu mai laushi a tsakani, da sannu zai lotse, ɗaurin notin ya ragu.

Abu Hanifa:
Wanki fa? Injin feshin ruwa mai ƙarfi yana fitar da dattin ko tura shi ciki yake yi?

Malam Bakanike:
Ya danganta da nisa. In an kafa bakinsa dab da robar, yana ɗaga leɓenta ya cusa ruwa da yashi ciki, har ya kai ga noti. A ja baya, a karkata shi ya bi tsawon sandan. Abin da ya fi shi ne ruwa mai yawa marar ƙarfi, da buroshi mai laushi irin na fenti a bi bakin robar a hankali, sannan a busar da wurin, da iska in akwai. Waɗanda ke kusa da teku, ko ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, su suka fi bukatar wannan. Ruwan gishiri in ya kwanta inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, lantarki ke gudana tsakaninsu kaɗan-kaɗan, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana fitar da farin gari.

Mai Farar Jif:
To motocin da rufinsu kansa alminiyam ne fa? Na san Range Rover tun samfurin 2013 gangarta alminiyam ce. Su sun tsira ke nan?

Injiniya Sadauki:
Sun tsira daga jan tsatsa da huda irin ta ƙarfe, amma fenti na iya tashi a kan alminiyam ma. In ruwa ya samu kafa, lalacewar tana bin ƙarƙashin fentin ta yi siraran layuka masu kumburi, da farin gari a ciki. A nan ma an juya lissafin ne: notin ƙarfe ne, rufin alminiyam, don haka rufin ne ke cinyewa in shafin da ke raba su ya ƙuje. Shi ya sa notocin irin waɗannan motoci suke da shafi na musamman, kuma ba a musanya su da kowane noti da aka tsinta. Wanda bai san da me aka yi rufinsa ba ya ɗora maganaɗisu a kan tsumma ya gwada. In ya kama, ƙarfe ne.

Baban Zahra:
Oga Fenta, in sun ƙi karɓa, yaya gyaran yake? Za a iya taɓa wurin kawai, ko sai an fesa rufin duka?

Oga Fenta:
Dole a sauke sandan, wannan ba makawa. Duk wanda ya ce zai manna takarda a kewaye ƙafar ya fesa, kada ka ba shi, don tushen tsatsar na ƙarƙashin ƙafar, kumburin da ka gani bakinta ne kawai da ya leƙo. A kankare har a ga farin ƙarfe, a wuce iyakar tsatsar kaɗan, a duba bakin ramin ciki da waje. Sai shafin hana tsatsa mai haɗi biyu, sai share fage, sai launi. Launin ana iya tsayar da shi a kusa da wurin a baje shi ya saje. Shafin ƙyalli kuwa ya fi kyau a kai shi har ƙarshen farantin, domin in aka tsayar da shi a tsakiyar rufi, bakinsa siriri ne, rana na cin sa ya fito fili daga baya.

In tsatsar ba ta fito daga cikin kwatar ba, aikin ƙarami ne, don doguwar robar za ta rufe shi, ba sai an taɓa babban farantin ba. Wannan sai an buɗe za a sani.

Layin da ka ce ba ya ɓacewa da ruwa, ka sa a auna kaurin fentin wurin da na'ura kafin kowa ya ɗora injin folish a kai. In shafin ƙyallin ya kusa ƙarewa, folish zai ƙarasa shi ne. Sauran ƙafafu biyar ɗin ma a ɗaga su a duba tunda an riga an sauke sanda, a sa musu sabuwar roba gaba ɗaya, har da na ɓangaren dama.